Ƙwallon Aljihu

Ƙarfe takwas da rabi, gari bai gama wayewa ba.
A nan arewacin Scotland, Janairu marowaci ne,
ya ara maka rana kaɗan, ya karɓe abinsa.
Baba na zaune a bakin gado, hannuwa sama,
kamar yaron da ake shiryawa makaranta.

Na fara da 'yar ciki mai kama jiki.
Shi ya koya mini, ina 'yar shekara tara:
"Ishbel, kada ki yarda da ƙatuwar riga.
Za ta ɗumama ki, ta ɗaure miki kafaɗa.
Sirara uku sun fi mai kauri ɗaya."
Sai suwaitar ulu mai ruwan toka
da Inna ta saƙa, gwiwar hannunta duk faci,
sai 'yar shara mai tare iska,
don hannu ya sami hanyar lilo.

Yau bai tuna sunana ba.
Ya ce mini Morag,
ƙanwarsa da ta rasu tun ba a haife ni ba.
Na amsa.

Safa biyu, ta ciki siririya.
Takalmi mai haƙora, na shafe shi da mai tun jiya
don kada raɓa ta sami ƙofa.
Hula har kunne.
A shagon Effie Rennie akwai safar hannu mai batir,
bara ta gwada masa, ya ce shi ba fitila ba ne.
Tasa tsohuwa ce, burma-burma,
a zura kafin bugu, a zare, a buga, a mayar.

Fili fari fat. Ciyawa na ƙara ƙarƙashin sawu
kamar ana taka ɓawon ƙwai.
Tuta ta sandare a kan sandarta.
Iskar teku ta zo ta gefe
tana lalube, tana neman inda na manta ban rufe ba.
Lachlan mai kula da fili ya ɗaga mana hannu daga nesa,
yatsu shida: ramuka shida kawai aka buɗe.

Na dasa masa ƙwallo mai ruwan ɗorawa,
fara ɓata take yi a irin wannan safiya.
Na miƙa sanda, ya girgiza kai,
ya nuna wadda ta fi ta tsawo.
Ai kuwa. Sanyi na cin tazara,
ƙwallon da ya sha sanyi malalaci ne.
Mutumin da bai san ranar yau ba
ya san wannan.

Ya gyara tsayuwa. Ya ɗan karkaɗa ƙugu.
Ƙwas!
Ta tafi ƙasa-ƙasa, ta bi ta ƙarƙashin iska,
ta sauka, ta yi tsalle uku a kan daskararriyar ƙasa.
Abin da kai ya saki, ashe kafaɗa na riƙe da shi.

Ni kuwa na sari gefen tawa.
Zafi ya ratsa sanda ya shige yatsuna
har sai da na ga taurari.
Sai a lokacin na tuna:
garin shirya shi, na bar safar hannuna kan tebur,
kusa da maganinsa.

Ya dube ni. Ya daɗe yana dubana.
Sannan ya tura hannu can cikin aljihun wando,
inda kullum yake ɓoye ƙwallo na biyu
yana shan ɗumin cinya kafin rami na gaba.
Ya sa mini a tafi, ya naɗe yatsuna a kai,
ya rufe da nasa hannuwan.
Ɗumi kamar ƙwan da aka ɗauko yanzu daga ƙarƙashin kaza.

"Kullum sai kin manta da taki," in ji shi.

Ban san da wa yake ba, ni ko Morag.
Ban tambaya ba.
Rami huɗu muka yi, hancinsa ya fara zuba,
muka fake bayan katangar dutse
muka sha shayi a murfin filas ɗaya,
tumakin maƙwabta na kallonmu.